Karatu Aka Turo Ni, Tafinta Na Zama

Jama'a, ku yi mini afuwa, na kwana biyu ban leƙo ku ba. Na ga saƙonninku, da masu cewa ko an yi bikin ne ba a gayyace ku ba, da masu cewa na samu wuri na manta da ku. Babu ko ɗaya. Gajiya ce kawai, irin wadda mutum zai kwanta da ita, ya farka ya tarar tana zaune a bakin gado tana jiransa. Yau dai na ce ko da rarrafe sai na rubuta, don abin da ya faru a makon nan ya fi ƙarfin cikina.

Wanda yau ya fara karanta ni, ga ni a taƙaice. Shekarata ta uku ke nan a wata ƙasar Larabawa ina karatun likitan haƙori. Tun ranar da na hau jirgi sunana ya ɓace a gidanmu, kowa Likita yake ce mini, har Kaka da ba ta da haƙori ko ɗaya da zan duba mata. Ina zaune a hawa na huɗu na wani tsohon bene, ɗaki ɗaya da ɗan falo, ni da ƙawata da muke kira Doguwa, ita haɗa magunguna take karantawa. Gado biyu, tebur ɗaya, tukunyar lantarki ɗaya, sai igiyar shanya a baranda da kullum muke faɗa a kanta. A kan teburin akwai haƙoran kaki da na sassaƙa a shekarar farko, Doguwa ta ce su suke hana ta cin abinci.

Abin da ban taɓa faɗa muku ba shi ne ina da aiki na biyu, wanda babu wanda ya ɗauke ni, kuma babu ranar hutu. Ni ce tafintar gidanmu, da unguwarmu, da dangin maƙwabtanmu.

Mutanenmu suna yawan zuwa ƙasar nan neman magani. A shekarata ta farko mijin wata maƙwabciyarmu ya tashi zuwa da ciwon ƙoda, matar ta shiga ɗakin Mama tana kuka, wai ba su san kowa ba, ba sa jin yaren. Mama ta ce, “Haba, share hawayenki, ai Likita tana can.” Shi ke nan. Daga ranar lambata ta zama randar ƙofar gida, duk wanda ya zo wucewa sai ya ɗiba.

Kuma kada ku ɗauka fassara ce kawai. Zan je filin jirgi in tsaya riƙe da kwali mai sunan mutumin da ban taɓa gani ba. In nemo musu gidan haya, in sayo musu layin waya, in bi layin asibiti tun da safe, in shiga da su wajen likita, in fito in bi layin magani. Idan sun ji sauƙi kuma sai kasuwa. Akwai baiwar Allah da na yi wa cinikin labule har awa uku, ranar da ake koya mana cire jijiyar haƙori. Larabcin da na zo da shi daga Islamiyya, wanda wani direban tasi ya taɓa yi wa dariya ya ce kamar ina karanta labarai a rediyo, a layin asibiti ya gyaru, ba a aji ba. Yanzu na san sunan kowane ciwo tun daga gwiwa har mafitsara. Haƙoran da aka turo ni in koya ne nake bi a guje.

To, makarantarmu tana da ƙa'ida. Akwai darasin aikin hannu, inda muke koyon huda haƙori da cike shi a bakin wani kan roba da aka ɗaure a jikin kujera, bakinsa a hangame. Kowa yana da ɗan littafi kore. Duk zaman da ka halarta ka gama aikinka, malama za ta duba ta sa hannu. Ka rasa zama huɗu, ba za ka shiga jarabawar darasin ba. In ba ka shiga ba kuwa, ba za ka wuce aji huɗu ba, inda ake fara taɓa bakin mutane na gaske. Shekara guda cur za ka maimaita. Ni na rasa uku.

Ran Lahadi malamar ta tsayar da ni bayan kowa ya fita. Daktora muke ce mata, 'yar gajeriya mai tabarau a kan hanci, ba ta taɓa ɗaga murya, kuma hakan ya fi ban tsoro.

“Zauna, 'yata.” Ta buɗe littafina tana bin guraben da yatsa. “Nan me ya faru?”

“Kawuna ne ba lafiya.”

“Nan fa?”

“Goggona ce.”

“Nan?”

Wannan surukin mai yi wa Mama ɗinki ne, ko dangantakar da zan laƙa masa na rasa.

Ta cire tabarau ta ajiye. “Danginku duk nan suke zuwa su yi ciwo?” Ba ta jira amsa ba. “Hannunki yana da kyau, shi ya sa nake ɓata bakina. Laraba ce zama na ƙarshe, ƙarfe tara. Idan ban gan ki ba, ba ni zan hana ki jarabawa ba, ofis ne. Ofis kuwa ba ya jin kuka.”

Na rantse mata zan zo. Na ma rantse wa kaina, a cikin bas, ina tsaye an matse ni tsakanin wata mata mai kwandon kayan miya da ƙofa. A nan wayata ta yi ƙara. Saƙon murya ne daga Mama, minti huɗu da 'yan daƙiƙoƙi. Duk saƙon Mama da ya wuce minti biyu, ku tabbata baƙi ne.

“Likita, ya karatu, ya sanyi, kina dai cin abinci ko? To, albishirinki. Hajiya ce za ta zo a cire mata yanar ido, gobe za su sauka, shi da kansa zai kawo ta. Kin ga Allah ya kawo dama. Ki tsaya mata tsayin daka, ki nuna musu 'yar gidan da kika fito. Kada ki ba ni kunya. Kuma ki sa doguwar rigar nan mai ruwan zuma, ba wannan baƙar da kike yawo da ita kamar mai takaba ba.”

Wanda Mama ta kira “shi” kuwa, tsofaffin masu karatu sun san shi. Ɗan Hajiya ne, ita kuma Hajiya aminiyar Mama ce tun suna 'yan mata. Aikinsa awon filaye, shi ya sa nake ce masa Mai Awo. Shekara guda ke nan ana maganar aurenmu. Babu wanda ya ɗaure ni, Baba ya ce sai abin da na ce, kuma sai na gama karatu. Amma Mama ta iya matsa wa mutum ba tare da ta taɓa shi ba. Shi kuma bawan Allah maganarsa ma aunata yake yi. Duk yamma saƙo ɗaya: “Barka da yamma. Ya karatu?” Ranar da ya so ya burge ni, hoton wani fili ya turo mini da turaku huɗu a kusurwoyi, ya rubuta a ƙasa, “Gabas yake kallo.” Na nuna wa Doguwa, ta yi dariya har ta faɗo daga gado. Kullum ina ce muku ni ba ya gabana. Ku riƙe wannan maganar tawa, za ku yi mini dariya da ita.

Ran Litinin na je filin jirgi, kuma e, rigar mai ruwan zuma na sa, har da ɗan kwalli. Ya fito yana tura Hajiya a keken marasa lafiya, farin yadi a jikinsa duk ya yamutse da zaman jirgi, hula a hannu. Ya fi hotonsa tsawo. Ya ce, “Sannu, Likita,” ya kalli ƙasa, ni ma na kalli ƙasa, kamar mun yar da abu ɗaya.

Hajiya babbar mace ce mai murya, da farin mayafi da baƙin tabarau. Na durƙusa na gaishe ta, ta laluba ta kamo hannuna ta riƙe gam.

“Ke ce? Matso in ji ki. Dishi-dishi nake ganinki, 'yar nan. Amma na yi alkawari, in aka wanke mini idon nan, fuskarki zan fara kallo. Na faɗa wa uwarki, na faɗa wa kowa a gida.”

Na ce, “Allah ya ba da lafiya, Hajiya.” Har cikin raina na ji daɗin maganar, ba zan ɓoye muku ba.

Na kai su gidan da na kama musu, hawa na farko kusa da asibitin ido, falo mai kujeru ruwan toka da labule mai nauyi. Na nuna masa yadda ake kunna abin dumama ruwa, na jera mata magungunanta a kan tebur, na dafa musu shinkafa. Sai bayan magariba na koma ɗakinmu.

Ran Talata muka ga likitan ido. Ya haska, ya auna, ya rubuta, sannan ya juyo gare ni. Ya ce aikin ba mai tsawo ba ne, amma ba za a sa ta barci ba, idon kawai za a kashe. Don haka dole a samu wanda zai tsaya kusa da kanta yana faɗa mata abin da ake so: kalli fitila, kada ki motsa, kada ki yi tari. Na ce to. Ya duba takardarsa.

“Gobe Laraba, ƙarfe tara.”

Wallahi sai da na ji kujerar ta yi ƙasa da ni. Na ce masa da Larabci, a hankali, ko za a iya mayarwa Alhamis. Ya ce Alhamis zai yi tafiya, sai bayan mako biyu. Ko da rana fa? Ya ce ɗakin tiyata da safe kawai yake samu.

“Me yake cewa?” in ji Hajiya.

Ku duba matsayin tafinta. Babu mai jin abin da aka faɗa sai ni. Da na so, da na ce mata likita ya ce sai bayan mako biyu, babu wanda zai taɓa sani. Shaiɗan ya raɗa mini, na ji shi sarai. Amma na kalli yadda take murza carbinta tana jiran a ce gobe, sai na kasa.

“Ya ce gobe da safe, Hajiya. Kada ki ci komai in kin tashi.”

“Alhamdulillahi! Kin ji, ɗan nan? Gobe zan ga 'yata.”

Da muka fito na bar ta a mota na shiga kantin magani karɓo ɗigon ido. Ina cikin layi sai na ji mutum a bayana.

“Likita, me likitan ya faɗa da ba ki fassara ba?”

Na juyo. Mai Awo ne, hula yanzu a kai.

“Babu komai.”

“Sau biyu kika yi masa tambaya. Ni ba na jin Larabci, amma na ga fuskarki. Idon Umma ne?”

“A'a, wallahi idonta lafiya.”

“To mene ne?”

Ban san me ya kama ni ba. Shekara uku ban faɗa wa kowa daga gida ba, sai ga ni a layin magani, tsakanin mai sayen maganin tari da mai sayen audugar jarirai, ina zazzage wa mai awon fili cikina. Littafi kore, gurabe uku, Daktora, Laraba ƙarfe tara. Bai katse ni ba ko sau ɗaya. Da na gama sai ya auna maganar ya tambaya.

“Shekara guda?”

“Guda.”

“Ki tafi ajinki.”

“Hajiya fa?”

“Akwai wata da ke jin yaren da kika yarda da ita?”

“Ƙawata. Ba ta da lacca gobe.”

“To ta zo. Ni zan yi wa Umma bayani. Wannan ki bar mini shi.”

Na dube shi sosai, karo na farko. Tun da na zo ƙasar nan babu wanda ya taɓa ce mini “ki bar mini.” Kowa “ki tsaya mini” yake cewa. Sai da na juya baya na yi kamar ina karanta kwalin magani, don kada ya ga idona.

Doguwa ba ta yi musu ba. “Zan je,” ta ce, tana ninke kayan shanya. “Amma ki kira tsohuwar nan da bakinki ki faɗa mata.”

“Ya ce zai faɗa mata.”

“Namiji ne zai iya faɗa wa uwarsa maganar da ba ta so? To, Allah ya sa.”

Na ɗauki wayar sau biyu ina ajiyewa. Me zan ce? Hajiya, ajina ya fi idonki? Na ce a raina ai ya ɗauki nauyi, na bar shi a haka. Mama kuwa ko kusa ban yi tunanin kira ba.

Ran Laraba tun takwas da rabi ina bakin ɗakin aikin, farar riga a jiki, waya a kulle cikin loka kamar yadda doka ta ce. Daktora ta wuce ta gabana, ta kalle ni ta saman tabarau. Aikin ranar cike haƙorin turmi ne na ƙasa, ramin ta gefe, wanda ya fi kowane wuya. Na zauna gaban kan robana, na kunna injin huda. Awa biyu da rabi ban ɗaga kai ba. Daktora ta zo ta zura ɗan ƙarfenta a bakin ramin, ta zagaya, ta sake zagayawa, bai maƙale ba. Ta zaro biro ta sa hannu.

“Sai jarabawa,” ta ce.

Na ɗauka zan yi tsalle. Ban yi ba. Wuyana ne kawai na ji yana ciwo.

Da na buɗe loka, kira ashirin da uku na tarar. Mama goma sha ɗaya. Goggo biyar. Yayata uku. Sauran na Doguwa. Na Mai Awo babu ko ɗaya, sai saƙo guda: “Ki yi haƙuri. Laifina ne.”

Na kira Doguwa ina saukowa daga bene.

“Ba a yi aikin ba,” ta ce, ko sallama babu.

“Innalillahi. Me ya faru?”

“Mutumin naki bai faɗa mata ba. Ce mata ya yi kina tafe, wai kin tsaya wani abu, ni zan fara rakiya. Ya ɗauka in aka shiga ciki shi ke nan. An sa mata rigar tiyata, an ɗiga mata magani, aka zo za a tura ta. Ta ce ina 'yata? Ya ce tana hanya. Ta ce to a jira. Aka jira minti ashirin, likita ya fara duba agogo. Sai ta kamo hannuna ta shafa, ta ce ke kuma 'yar waye? Na faɗa mata. Ta ce ina ita wadda aka ce za ta tsaya mini? Ni kuma na gaji da kame-kame, na ce tana makaranta, ba za ta samu zuwa ba.”

“Doguwa!”

“To ƙarya zan yi wa tsohuwa a bakin ɗakin tiyata? Ta tashi zaune ta ce a ba ta mayafinta. Ya roƙe ta, na roƙe ta, likita ma ya sa baki ina fassarawa. Ta ce ita ba a yi da ita haka ba. Ta ce da an faɗa mata tun jiya da ta haƙura, amma a kwantar da ita kamar akuya ana mata wasa da hankali, ba za ta yarda ba. Da yunwarta da komai ta fita. Tun a mota ta kira Mamanki.”

Na zauna a kan matakala, ɗalibai suna tsallake ni. Na buɗe saƙonnin murya. Na Goggo na fara saurara, don na san nata zagi ne kawai, zan iya ɗauka: wai karatun ya hau mini kai, wai Larabawa sun koya mini rashin ta ido. Na Mama ne ya karya ni. Ba ta yi faɗa ba. Muryarta ƙasa-ƙasa take, kamar mai mura.

“Shekara talatin muna tare da matar nan, ba ta taɓa kira na ta yi mini magana irin ta yau ba. Kowa kin tsaya masa, har wanda ban san sunan ubansa ba. Sai ita? Me na yi miki, Likita?”

Na hau bas na koma gida, na hau benen nan hawa huɗu ina tsayawa a kowane hawa. Na kwanta da farar rigar a jikina, ko takalmi ban cire ba.

Bayan azahar wayar ta sake ƙara. Da na ga sunan sai na miƙe zaune. Baba ba ya kira. Shi sai dai a miƙa masa waya a ƙarshen hira ya ce, “Ki riƙe addu'a, ki riƙe karatu,” ya mayar.

“Salamu alaikum, Baba. Ina wuni?”

“Lafiya. Ina kike yau da safe?”

“Makaranta.”

“Abin da ba za a iya ɗagawa ba ne?”

Na faɗa masa. A taƙaice, don Baba ba ya son dogon zance. Ya ce, “Zama uku kika rasa? Da wane dalili? Ciwo kika yi ba a faɗa mini ba?”

“A'a, Baba. Baƙi nake kaiwa asibiti.”

“Waɗanne baƙi?”

Na fara lissafowa. Ban taɓa jera su ba sai ranar. Mijin maƙwabciya da ya sake dawowa. Ƙanwar Goggo da 'yarta. Mai ciwon gwiwa. Mai labule. Surukin mai ɗinki. Ina faɗa ina lanƙwasa yatsu, yatsun suka ƙare na sake farawa. Bana kaɗai, mutum goma sha huɗu.



“Ni biyu na sani,” in ji Baba.

Sai na ji ya janye wayar daga bakinsa ya kira Mama. Ban ji abin da ya ce mata ba, amsarta na ji, tana kuka. “To ya zan yi? Mutum ya shigo har ɗakina da hawaye, in ce masa me? Ni ban iya cewa a'a ba, ka sani. Ita kuma ba ta taɓa ce mini ba za ta iya ba. Ko sau ɗaya ba ta taɓa ba.”

Gaskiya ta faɗa, kuma ita ce ta fi yi mini ciwo. Shekara uku ina jin haushin Mama a ɓoye, ashe halinta na ɗauko kaf. Ita ta kasa faɗa wa maƙwabta, ni na kasa faɗa mata, shi Mai Awo ya kasa faɗa wa uwarsa. Duk mu masu kunya ne, kuma tsohuwa mai yanar ido ce ta sha yunwa a kan kunyarmu.

Baba ya dawo kan waya. “Kina ji na?”

“Ina ji, Baba.”

“Zuwa ajin da kika yi daidai ne. Don shi na tura ki. Daga yau duk wanda ke son lambarki, ta wajena zai bi. Amma ɓoye wa baiwar Allah nan da kika yi, ba ki kyauta ba. Yanzu za ki tashi ki je, ki durƙusa, ki faɗa mata komai da bakinki. Ba ta waya ba, ba ta bakin ɗanta ba.”

“To, Baba.”

“Idan ta haƙura, alhamdulillahi. Idan kuma ta ce maganar nan taku ta fasa, a fasa. Ba zan roƙi kowa ba. Dama kin ce ba ya gabanki, haka uwarki ta faɗa mini.”

Jama'a, ni da na shekara ina yi muku rantsuwa, sai ga ni riƙe da waya ina hawaye a kan mai turo hoton fili. Na samu shekarata, na samu Baba a bayana, abin da na daɗe ina roƙo ke nan. Amma kalmar “a fasa” ta hana ni murna. Ina son sa. Ga shi na faɗa, ku yi dariyarku.

Na yi la'asar, na sa baƙar rigar tawa ta kullum, ban shafa komai ba. Doguwa ta ce ta raka ni, na ce a'a, yau babu wakili. Duk hanya ina haɗa maganar da zan faɗa, tana wargajewa. Ni da nake fassara wa mutane ciwonsu, na rasa kalmomin nawa.

Na ƙwanƙwasa. Shi ya buɗe, idonsa ja, rigar safe ce har yanzu a jikinsa. Ta bayansa na hango akwatunansu biyu a tsakiyar falo, an zuge su, an ɗora jakar magunguna a kai.

“Waye?” Muryar Hajiya ce daga kan kujera.

“Ita ce, Umma.”

Na cire takalmi na shiga, na zube a gabanta. Baƙin tabaraun yana fuskarta, ban san ko ni take kallo ba. Na ce, “Hajiya, na zo ne in faɗa miki abin da ya kamata in faɗa tun jiya.”

Ta ɗaga hannu ta tsayar da ni. Ta juya kai wajen da take jin numfashin ɗanta.

“Kai, fita ka ja mana ƙofa. Ka yi mini tafinta da safe, na ga iyawarka.” Ta jira har ƙofar ta rufu, sannan ta cire tabaraun ta ajiye a cinya. “To, 'yar nan. Yanzu daga ni sai ke. Fara daga farko, kuma kada ki rage mini komai don kina jin kunyata.”